Akwatin siffofin katako na wani kafinta a Bayan Kara: amfaninsa a ajin lissafi da inda ya gaza

Wannan rubutu na malaman lissafi ne, musamman masu riƙe da SS2 da SS3, da iyayen da 'ya'yansu ke shirin WAEC ko NECO. Akwai wani dattijo kafinta a wajen Bayan Kara, nan Birnin Kebbi, da yake haɗa akwatin siffofin katako na koyar da furojekshin, wato yadda ake sauke siffar abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan takarda ko allo. Ainihin sana'arsa tebura da bencin makaranta ne. Wani malamin zanen fasaha ya taɓa kai masa samfuri, daga nan ya riƙa yi wa duk wanda ya nema. Na sayi ɗaya da kuɗina tun lokacin sanyi, na yi aiki da shi a ajin 'yan mata har damina ta sauka. Ra'ayina shi ne a saya, amma kada malami ya taɓa tocilar da ke ciki sai ya ji abin da zan faɗa a kanta.

Yarinya ɗaya na iya ɗaukar akwatin daga ofishin malamai zuwa aji. A ciki akwai kiyub, da siffar bulo, da silinda, da mazurari, da dala mai gindin murabba'i, da firizim mai fuskar alwatika, da wani guntun katako mai siffar harafin L da aka huda masa rami. Akwai alluna biyu baƙaƙe da aka haɗa da hinji, an ja musu fararen layuka tazarar santimita 2. Akwai sanda mai santimita 20 da aka kafa ƙarshenta ɗaya da ƙusa a jikin ma'aunin kusurwa, akwai wani ƙwarangwal na akwati da aka yi da waya, sai 'yan wayoyin ƙafar keke, sai ƙaramar tocila.

Duk wanda ya koyar da wannan darasi ya san inda yara ke faɗuwa. Yarinya za ta haddace ma'anar kos da sayin da tan, ta danna kalkuleta daidai, amma da zarar tambaya ta ce a nemo kusurwar da ke tsakanin layi da shimfiɗa, sai ta ajiye biro. Ba ta san wace alwatika za ta ciro daga cikin zanen ba. Kuma ba na ganin laifinta. Mu malamai muna zana akwati a allo, kusurwar da a zahiri digiri 90 ce ta fito a zane kamar 60 ko 120, sannan mu ce wa yara su yarda 90 ce. Mai ido ya yarda da idonsa. Abin da ake bukata shi ne ta ga an sauko da layi tsaye cak daga ƙarshen sanda zuwa ƙasa, ta ɗora yatsa a inda ya sauka. Wannan kaɗai ne furojekshin a matakin sakandare, kuma wannan ne akwatin ya ba ni.

Sandar nan ta santimita 20 ita ce na fi so a cikin kayan duka, ita ce kuma mafi araha a wurin haɗawa. Na kwantar da ita a kan allon ƙasa, tsawonta ya cinye layuka goma. Na ɗaga ta zuwa digiri 30, na rataya zare mai ɗaure da ƙaramar ƙusa daga bakinta, ƙusar ta sauka a santimita 17 da ɗan ɗori. A digiri 45 ta sauka a 14. A digiri 60 ta sauka daidai kan layi na biyar, santimita 10, rabin sanda. Nan ajin ya yi tsit, domin mafi yawansu sun yi tsammanin a 45 za a samu rabi, tunda 45 rabin 90 ne. Na bar su suka maimaita da hannunsu. Da na tsayar da sandar cak, abin da ya rage a ƙasa ɗigo ɗaya ne. Sai bayan haka na rubuta a allo cewa tsawon da ke ƙasa shi ne tsawon sanda sau kos na kusurwa, kuma kos 60 rabi ne, kos 90 sifiri. Wata ɗaliba da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ke nan shi ya sa kwanon rufi ke fin faɗin ɗaki tsawo?" Mahaifinta magini ne. Muka lissafa tare: idan daga bango zuwa tsakiyar ɗaki mita 3 ne, rufin kuma ya karkata digiri 30, kwanon da zai rufe wurin sai ya kai kusan mita 3.46, ban da ɗorin da ake bari don zubar ruwa. Tun daga ranar ta koma bencin gaba.

Ƙwarangwal ɗin waya ma an yi shi da tunani, kuma na tabbata malamin da ya kawo samfurin ne ya zaɓi awon: tsawo 12, faɗi 9, tsayi 8. An ɗaura jan zare daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama da ke can ɗaya ɓangaren. Tambayar jarrabawa takan ce a nemo tsawon wannan zare da kusurwar da ya yi da gindin akwati. Idan yarinya ta leƙa daga sama, za ta ga jan zaren ya kwanta daidai kan layin da ya ratsa gindin daga kusurwa zuwa kusurwa. Da ƙa'idar Fitagoras, 12 da 9 sun ba da 15. Sannan 15 da 8 sun ba da 17. Babu saura, babu ɗigo, yara su auna da rula su samu abin da suka lissafa. Kusurwar kuwa, tan ɗinta 8 bisa 15 ne, wajen digiri 28. Wanda ya taɓa fama da ajin yara sittin ya san darajar lambobin da ke fita tsaf a darasin farko. Ana kawo masu wahala daga baya, bayan an ga hanyar.

Allunan nan biyu masu hinji su ne na zanen kallon sama da kallon gaba. Ana tsayar da ɗaya ya zama bango, ɗaya ya kwanta ya zama ƙasa, a riƙe siffa a tsakaninsu, a yi amfani da wayar keke a sauke kowace kusurwa zuwa bango da zuwa ƙasa, a ɗiga da alli. In an gama sai a buɗe hinjin, allunan su zama shimfiɗa ɗaya, sai ga kallon gaba a sama, kallon sama a ƙarƙashinsa, kowane ɗigo yana daidai da ɗan'uwansa. Wannan dabara ta Gaspard Monge ce, Bafaranshen da aka haifa a 1746. Ya fito da ita yana aiki a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières, wajen tsara ganuwa, aka riƙe ta a matsayin sirrin soja shekaru masu yawa, sai a 1795 ya koyar da ita a fili a birnin Paris. Ina gaya wa yarana wannan tarihi don su san abin da ke hannunsu ba wasan katako ba ne. Duk fulan ɗin gini da injiniya ke miƙa wa magini, da duk zanen da ake ƙera kayan inji da shi, da irin wannan dabara ta buɗe allo ake yin su.

Da wannan allo na nuna musu abin da ya sa kallo ɗaya ba ya isa. Silinda da mazurari, in an tsayar da su aka duba daga sama, dukansu da'ira ce. Abin da ya bambanta su ɗigo ne a tsakiyar ta mazurari. Daga gaba ne ake rabewa, ɗaya ya fito murabba'i mai tsawo, ɗaya alwatika. Guntun L ɗin mai rami kuwa shi ya koya musu dalilin zana ɓoyayyen layi da tsinke-tsinke: ramin yana nan, ido ba ya ganinsa daga gefe, amma dole zane ya faɗa. Sai dai a lura, allon nan tsarin kusurwa ta farko kawai yake nunawa, wanda aka fi bi a Turai, inda kallon sama ke zama a ƙasa. A tsarin kusurwa ta uku, na Amurka, kallon sama a sama yake zama. Masu ɗaukar zanen fasaha suna bukatar duka biyun, kuma na biyun sai da akwatin da ake gani ta cikinsa yake fitowa sosai. Wannan akwati ba shi da shi.

Yanzu maganar tocila, wadda ita ce babbar damuwata. An sa ta ne don a haska siffa a ga inuwarta a allo, kuma tunanin yana da kyau, domin inuwa ita ce hanya mafi sauƙi ta shiga darasin. Amma hasken tocila daga wuri ɗaya yake fitowa yana bazuwa. Na gwada da kiyub ɗin mai santimita 6: na riƙe fuskarsa santimita 30 daga tocila, allo kuma santimita 60 daga tocila, inuwar ta fito kusan 12, ninki biyu. Na matsar da shi kusa da allo, ta ragu. Wannan wani nau'in furojekshin ne daban, na tsakiya, irin wanda ido da kyamara ke aiki da shi, inda na kusa ke girma na nesa ya ƙanƙance. Abin da manhaja ke nema a wannan darasi kuwa shi ne wanda layukansa ke tafiya a jere, ba su haɗuwa ba su rabuwa, su faɗa wa allo a tsaye cak, ta yadda fuska mai santimita 6 za ta fito 6 ko'ina aka riƙe ta. Malamin da ya haska tocila ya ce "ga kallon gaba" ya dasa wa yara kuskuren da zai wahalar cirewa. Babu takarda ko guda a cikin akwatin da ta yi wannan gargaɗi.

Maganin yana waje, kuma mu a Kebbi ba ma rasa shi. Rana tana nesa da mu kusan kilomita miliyan 150, saboda haka haskenta in ya iso farfajiyar makaranta a jere yake zuwa. Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kanmu. Kuma ba ƙarfe sha biyu na agogo ba. Da yake muna yammacin ƙasa, zawali a nan sai wajen ɗaya saura kwata. A irin wannan rana, da zawali, inuwar kowace siffa a ƙasa ita ce kewayen kallonta na sama, ba ragi ba ƙari. Amma Afrilu zafi ne, Agusta hadari da hutu, don haka ga dabarar da nake bi kowace rana: na kafa ƙusa a tsaye cak a gefen allon, sai ɗalibai biyu su riƙa karkata shi zuwa rana har inuwar ƙusar ta ɓace a gindinta. Da ta ɓace, haske yana faɗa wa allon a tsaye ke nan. Sai a riƙe siffa a gabansa, a bi inuwar da alli, a auna. Kiyub ya fito 6, a matsar da shi gaba ko baya, yana nan 6. Da hantsi muke yi, kafin rana ta yi zafi, kuma nakan ja musu kunne kada kowa ta ɗaga ido ta kalli ranar. Lokacin hazo inuwa kan yi dishi-dishi, sai a jira ranar da gari ya washe.

A nan ne kuma nake tuna musu abin da suka riga suka sani daga makarantar Islamiyya, cewa lokacin la'asar yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali. A ranar da rana ta tsaya bisa kai, inuwar zawali babu ita, don haka la'asar na shiga daidai lokacin da rana ke digiri 45 sama da ƙasa, domin tan 45 ɗaya ne. Kakanninsu da sanda da taku suke wannan awo. Ina son su ji cewa lissafin nan ba baƙo ba ne a gidajensu.

Ita kanta tocilar ban yar ba. Bayan yara sun zauna da gindinsu a darasin rana, nakan fito da ita a rana ta daban, in rufe tagogi, in nuna musu bambancin. A wannan matsayi tana da amfani ƙwarai.

Ta fuskar aikin hannu, akwai yabo akwai gyara. Kiyub da bulo da firizim an yi su da madaci, an goge su sumul, na ɗora sikwaya a kowace kusurwa ban ga haske ya ratsa ba. Silinda ma ba laifi. Mazurarin ne matsala: tsininsa ya kauce daga tsakiya da kusan rabin santimita, har yara suka gano da kansu, domin alwatikar da ya bayar gefe ɗaya ya fi ɗaya. Allunan kuma da farin katako siriri aka yi su, damina na sauka ɗaya ya ɗan lanƙwashe, hinjin ya fara tsatsa, kuma babu abin da ke riƙe su a digiri 90 in an tsayar, sai dai wata ta dafa ko a jingina da littattafai. Fararen layukan fenti ne mai kyau, ba su goge ba duk da shafar alli da tsumma.

Na koma wurinsa da mazurarin. Na ce, "Baba, tsinin nan ya karkace." Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya ce, "Gaskiyarki, Malama. Wanga da hannu niy yi shi, ba ni da injin juyi. Bar shi nan, in kai ma mai inji." Bai nemi ƙarin ko kwabo ba, kuma wanda ya dawo mini da shi tsaf yake. Ya tambaye ni abin da yaran ke yi da ramin da ke jikin L ɗin, na zana masa a kan guntun falanki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe abin da yake gani a takardun da ake kawo masa na ƙofofi ke nan. Wannan hali nasa yana cikin abin da ya sa nake tura mutane wurinsa. Sai dai ba ya cika alkawarin rana. In ya ce mako ɗaya, a sa rai da biyu, musamman lokacin da makarantu ke ba da aikin benci.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne ƙwallo. Darasin layukan duniya, wato layukan da ake ja a taswira don nuna inda gari yake, yana fitowa a jarrabawa, kuma dabararsa ita ce ta sandar nan: rabin faɗin da'irar da ta bi ta kowane gari shi ne rabin faɗin duniya sau kos na digirin garin. Da kilomita 6,400 da ake ba yara a tambaya a matsayin rabin faɗin duniya, da'irar Birnin Kebbi tana da kusan 6,250, ta digiri 60 kuwa, wajen birnin Oslo na ƙasar Norway, 3,200 ce, rabi daidai, kamar yadda sanda ta ba da 10 daga 20. Da akwai rabin ƙwallo da aka yanka a digiri 30 da 60, da yara sun ga haɗin nan take. Ni da ƙwarya nake cike gurbin, na kife ta na zana da'irori da alli, amma ƙwarya ba ta cika zagaye daidai ba. Haka ma zan so a ƙara faifan katako mai da'ira, domin in an karkata shi digiri 60 a rana inuwarsa kan zama mai siffar ƙwai, faɗinta ta gefe ɗaya ya koma rabi, girman filinta ma rabi.

Wasu abokan aiki za su ce ai akwai GeoGebra, manhajar da Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, kyauta ce, tana juya siffa ta kowane ɓangare a waya ko kwamfuta. Ina amfani da ita wajen shirya darasi, kuma ga masu lissafi mai zurfi da ke koyon sauke bekta a kan bekta, wato layi mai nuna girma da inda aka nufa, tana da kyau matuƙa. Amma a ajina waya ɗaya ce, tawa, kuma abin da ke fuskar waya shi ma hoto ne a shimfiɗe, yarinyar da zanen allo ya ruɗa tana iya ruɗewa a nan ma. Katako ana riƙe shi, a juya, a ɗora masa rula. A fara da shi, manhaja ta biyo baya.

Kuɗin akwatin ya yi kusa da na sababbin littattafan lissafi biyu, kuma yana sauyawa da farashin katako, don haka a tambaya kafin a je. Ga makaranta, ko ƙungiyar iyaye da malamai, wannan ba wani abu ba ne, kuma akwati ɗaya zai yi wa malamin lissafi da na fiziks da na zanen fasaha, har da na fasahar farko a ƙaramar sakandare. Aji mai yawa yana bukatar uku ko huɗu don a raba yara rukuni-rukuni. Da ɗaya, na baya ba sa ganin inda ƙusa ta sauka. Ga uba ko uwa mai yaro ɗaya a gida, ba sai an sayi duka ba, sandar da ƙwarangwal ɗin waya sun wadatar, kuma yana sayar da su daban.

Wanda zai ba da aiki, ya faɗa masa tun farko a yi mazurari da silinda a injin juyi, a yi allunan da katako mai kauri a shafa musu mai ta baya saboda damshi, a sa ƙaramin maƙali da zai riƙe su a digiri 90, a kafa ƙusar duba rana a gefe, a ƙara rabin ƙwallo yankakke da faifai. A tafi da sikwaya da rula ranar karɓa, a auna kowace siffa a gabansa kafin a biya cikon kuɗi.